Me ya sa teburin alamomina ke dawowa a lalace daga fayil?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina rubuta ƙaramar kwamfaila (manhajar da ke fassara shiri zuwa yaren inji) da yaren C. Duk sunan da ta ci karo da shi tana ajiye shi a teburin alamomi, tare da nau'insa da layin da ya fito. Ina so in adana teburin a fayil don kada in riƙa gina shi kullum. Na zuba kowane struct (ƙunshin bayanan alama ɗaya) a fayil da fwrite, na dawo da shi da fread. Idan na karanta kafin in rufe manhajar komai lafiya lau, amma da na rufe na sake kunnawa sai sunayen su zama shirme, wani lokaci ma manhajar ta faɗi. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ko ban ga aikinka ba, na san akwai char *, wato manuni mai riƙe da adireshin suna, a cikin wannan struct ɗin. Abin da ka rubuta a fayil ba sunan ba ne, adireshin inda sunan yake zaune a memori ne. A kwamfuta mai bit 64 bayit takwas ne kawai, kuma fwrite ba ya bin adireshi ya ɗauko abin da ke can. Muddin manhajar na aiki, sunan na nan a wurinsa, shi ya sa ka ga kamar komai daidai. Da ka rufe, wurin ya tashi. Kamar ka ba mutum kwatancen rumfa a kasuwar ƙauye ne, ya je washegari bayan kasuwa ta watse. Ga shi kuma Linux da Windows da gangan suke sauya adireshin manhaja daga wannan kunnawa zuwa waccan saboda tsaro.

Maganin shi ne kada adireshi ko ɗaya ya shiga fayil. Duk inda kake da manuni, mayar da shi lamba da ake ƙirgawa daga farkon wani abu da ke cikin fayil ɗin kansa.

Dubi yadda ELF, tsarin fayilolin manhaja na Linux, ya yi, don a ganina babu darasin da ya fi shi sauƙi. Ya raba abin gida biyu. Sashen .strtab jerin haruffa ne zalla, kowane suna yana ƙarewa da bayit sifili, kuma bayit na farko shi ma sifili ne. Sashen .symtab kuwa layuka ne masu tsawo ɗaya, bayit 24 kowanne a ELF mai bit 64, bayit 16 a mai bit 32. A gurbin suna babu harafi ko ɗaya, lamba ce mai bayit huɗu. Ɗauka kana da sunaye biyu, jimla da adadi. Jerin zai fara da sifili, sai haruffa biyar na jimla, sai sifili, sai adadi, sai sifili. To jimla yana matsayi na 1, adadi yana na 7. Waɗannan lambobin za ka rubuta, kuma ko bayan shekara goma 7 tana nan a 7. Haɗa ƙaramin shiri da gcc -c, ka duba shi da readelf -s, ka gani da idonka.

Inda aikin yake ɗan cin rai shi ne nau'o'i, domin nau'i kan koma kan kansa, kamar struct mai ɗauke da manuni zuwa irinsa. Idan ka ce za ka bi shi kana rubutawa, ba za ka taɓa gamawa ba. Ba kowane nau'i lamba tun farkon haɗuwarku, kafin ka shiga cikinsa. In ka sake cin karo da shi, lambar kawai za ka rubuta. Haka Niklaus Wirth ya yi a kwamfailar Oberon wajen rubuta fayilolin alamominta. Wajen karantawa kuma sai ka tanadi jeri, kowace lamba da nau'inta, ka mayar da manunan daga nan.

Ko ka gyara wannan, ina roƙonka ka daina zuba struct ɗungurungum. Kwamfaila tana cusa bayit na ciko a tsakanin gurabe: char ɗaya da int ɗaya kan ci bayit takwas maimakon biyar, kuma ukun nan ba ka san abin da ke cikinsu ba. Rubuta gurbi-gurbi, da girman da ka ƙayyade, irin uint32_t. Ka kuma tsayar da jerin bayit, wato wanne bayit na lamba ke zuwa gaba: lamba 258 a injin x86 tana kwanciya 02 01 00 00, alhali fayilolin class na Java babban bayit suke sakawa a gaba. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. In a Windows kake, buɗe da "wb" da "rb". Da "w" kaɗai, duk bayit mai lamba 10 za a ƙara masa 13 a gabansa, sai alamar da lambar layinta 10 ce ta iya gurɓata duk abin da ya biyo bayanta.

A kan fayil ɗin sa tambarinka na bayit huɗu, kamar yadda ELF ke farawa da 7F 45 4C 46, sai lambar siga (version), sai yawan alamomi da tsawon jerin sunaye. Lambar sigar nan za ta cece ka ranar da ka ƙara gurbi, tsohon fayil kuma yana nan.

Teburin hash ɗinka kuwa, wanda kake neman suna da shi a memori, kada ka adana shi. Karanta alamomin ɗaya bayan ɗaya ka sake cusa su da aikin da ka saba cusawa da shi. Kafin ka taɓa kowace lambar suna, tabbatar ba ta wuce tsawon jerin sunaye ba, kuma duba abin da fread ya dawo da shi kowane karo, don fayil da ya yanke a tsakiya ya ba ka saƙon kuskure maimakon ya kayar da kwamfailar.