Hukuncin Zaman Tunanin Tausayi Don Neman Natsuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Likita ya ba ni shawarar in riƙa zama kullum in rufe ido, ina yi wa kaina da mutane fatan alheri a zuci, wai yana rage ƙunci. Daga baya sai na ji an ce daga addinin Buddha aka samo abin. Ya halatta in ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yaye miki, 'yar'uwa.

Abin da kika ji gaskiya ne. Mabiya Buddha suna kiransa "metta", kuma a wurinsu ibada ce. Likitocin halayyar ɗan'adam ne suka ɗauko shi suka mayar da shi horon zuciya: mutum ya fara da kansa, sai wanda yake ƙauna, sai wanda babu komai tsakaninsu, sai wanda ya ɓata masa, sannan sauran halitta. A binciken da masaniyar halayyar ɗan'adam Barbara Fredrickson da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2008, ma'aikata sun yi wannan horo na mako 7, aka ga farin cikinsu na yau da kullum ya ƙaru sannu a hankali, gamsuwarsu da rayuwa ta biyo baya, alamun baƙin ciki suka ragu. Amfanin matsakaici ne, kuma sai an lizimta.

Ƙa'idar malamai ita ce asali a al'adu da magunguna halacci ne, asali a ibada kuwa tsayawa ne kan nassi. Don haka zama shiru, da daidaita numfashi, da tuno mutane da tausayi duk halal ne. Abin da ya haramta shi ne zama gaban gunki, ko maimaita kalmomin bautarsu, ko ƙudurta cewa wani ƙarfi yana fita daga zuciyarki ya isa ga mutum ya amfane shi. Babu mai amfanarwa sai Allah.

Shawarata ita ce ki mayar da fatan ya zama addu'a, domin wanda ya ce "ka samu lafiya" a zuci bai roƙi kowa ba. Jerin mutanen da ake bi a wannan horo ma yana da makamanci a addu'ar Annabi Nuhu (AS) a aya ta 28 ta surarsa: ya fara da kansa, sai iyayensa, sai wanda ya shiga gidansa yana mumini, sannan muminai maza da mata. Muslim ya ruwaito daga Abud Darda'i cewa wanda ya yi wa ɗan'uwansa addu'a a bayan idonsa, mala'ika zai ce masa: amin, kai ma kana da irinsa.

Ki ware minti 10 zuwa 15 a inda babu hayaniya. Ki yi hamdala da salati, ki roƙa wa kanki rahama da lafiya, sannan ki kawo mutum ɗaya a ranki, ki tuno takamaiman halin da yake ciki, bashi ne ko jinya, ki roƙa masa a kan wannan. Kada ki ɗauki adadin mintunan ko lokacin a matsayin sunna. Tsari ne kawai na magani. Wanda ba Musulmi ba, idan yana raye, a roƙa masa shiriya da alheri, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya roƙa wa ƙabilar Dausu shiriya.

Inda aka fi samun matsala shi ne gaggawar kawo wanda ya cuce ki. Zuciyar da ciwonta bai warke ba, idan aka tilasta mata, sai fushi da kuka su taso, mutum ya ɗauka shi ne mugu. Ki jinkirta wannan mataki har makonni, ki fara da mai ƙaramin laifi. Idan ya yi nauyi, ki tsaya kan addu'ar aya ta 10 ta Suratul Hashri, ta neman kada Allah Ya sanya ƙulli a zukata. Yi masa addu'a kuma ba ya zubar da haƙƙinki, ba ya wajabta miki komawa inda ake cutar da ke.

Idan zaman yana tayar miki da tsohon firgici ko yana hana ki barci, ki dakata ki sanar da likitan, kuma kada ki bar maganin da ya rubuta miki saboda kin ji sauƙi.

Wallahu a'alam.