Amsar Baffa kan gudun Sallah a Agege

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce tunda ka shiga gudun kilomita 10 a gasar gudun fanfalaki ta Legas, kake son mu ma dangi mu riƙa yin namu duk Sallah tare da 'yan unguwa, kana tambaya ko hakan bai saɓa wa al'ada ba.

Bai saɓa ba. Mu da muka tashi a Arewa, Sallah ba ta cika sai an yi hawa, dawakai sun yi sukuwa, yara sun yi langa a dandali. To a Ikko ina za ka ɗaure doki? Yaran da muka haifa a nan, daga filin idi sai ɗaki, kowa ya duƙufa kan waya. Ita kanta gasar da ta burge ka ai jiya-jiyan nan ce: a 2016 aka fara ta, aka tashi daga babban filin wasa na Surulere, aka haye gadar Third Mainland, aka ƙare a Eko Atlantic, kilomita 42. Yanzu da Fabrairu ta kama an san da zuwanta. In kuma ta fuskar addini kake tsoro, malamai na kawo hadisin da Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wasu shekaru ya rama.

Inda ban yarda da kai ba shi ne rana. Ranar idi ba taka ba ce, ta gaisuwa ce. Duk wanda ya bar kakarku zaune da tuwon Sallah yana hucewa, ya tafi zagaye titi da gajeren wando, ni da shi ne. Ƙaramar Sallah ma cire ta: jiki bai gama dawowa ba, kuma gwaggwanninka washegari suke ɗaukar Sitta Shawwal. Babbar Sallah ta fi, amma ranar farko yanka, ta biyu rabon nama da suya, hutun gwamnati kuma ya ƙare. Ka tsayar da Asabar ɗin farko bayan layya, da an fito sallar Asuba, kafin danfo da Keke su cika hanya. Ka tuna Sallah na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, wata shekarar cikin ruwa za ku yi.

Kada ka buga riga ko sanarwa sai ka je ka gai da liman da fadar Sarkin Hausawa, da goronka a hannu. Maƙwabtanmu Yarabawa ma a gaya musu, titin na kowa ne. Kilomita 3 ya isa, mai gudu ya yi gudu, irinmu masu ciwon gwiwa mu taka a baya. Zancen mata kuwa ka kai wa innarka, su za su faɗi yadda suke so da suturarsu.

Sharaɗina ɗaya: a ƙare a ƙofar gidan kakarku, kowa ya durƙusa ya gaishe ta da guminsa, a sha koko da ƙosai. Ƙosan a kaina. Ka zo ranar Juma'a bayan La'asar mu je wurin liman tare.