Ina son hawa babur ɗin 'yan Murur

Tambaya: Kawu, a unguwar Misfala ta Makka aka haife ni, shekaruna 19. Duk lokacin Hajji in na ga 'yan Murur, wato 'yan sandan kula da hanya, suna ratsa cunkoso a kan babur, sai raina ya biya. Ta ina zan fara?
Ɗanka, daga Makka

Amsa: Ɗana, fara laluba aljihunka: katin ɗan ƙasa ne ko iƙama, wato katin zaman baƙo? Aikin ɗan sanda a Saudiyya na 'yan ƙasa ne, mai iƙama ba ya shiga ko da a Makka aka yanke masa cibiya. In kana da jinsiyya, wato kai ɗan ƙasa ne, ta Absher, shafin intanet na Ma'aikatar Cikin Gida, ake nema idan an buɗe ɗaukar aiki. Hafsoshi kuwa, Kwalejin Tsaro ta Sarki Fahad da ke Riyad ce ke yaye su.

Horon babur ba na gudu ba ne. Tafiyar hawainiya ce tsakanin robobi, hannu a kuloci, ƙafa a birkin baya, ka juya a lungu ba ka dafa ƙasa ba. Sai ɗaga shi in ya kwanta. BMW R 1250 RT, da 'yan sandan ƙasashe da dama ke hawa, kilo 279 ne. Na taɓa ɗaga irinsa da ƙarfin tuwo, sati guda a zaune nake salla. Baya ake juya masa, a tura da cinyoyi.

Zaɓen babur kuwa na hukuma ne, wanda aka ba ka shi za ka hau.