Wai wane ne Benarabul, wane ne Kanon?

Jikana, saƙonka ya iso, na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Wai an ba ka sakataren matasa, ka kasa rubuta wa babban baƙo takardar gayyata don ba ka san ko Benarabul ne ko Kanon ba a laƙabin limaman cocinmu na Angilika, dayosis (yankin da bishop ke riƙe da shi) da farish (yankin limami ɗaya) kuma sun rikita ka. Kai da aka haifa a gindin majami'a!

Mu da muka tashi a Wusasa, kusan kowa Malam ne. Katekis Malam, mai wa'azi Malam. Mila ma, Baturen mishan da ya zauna Zariya tun 1905, Likita kawai iyayenmu ke ce masa. Lokacin ƙuruciyarmu kusan Arewa kaf dayosis ɗaya ce tun 1954, sai a 1980 aka yanke Kano da Jos. Ganin bishop kuwa sai an yi sa'a.

Ranar da ya zo yi mana tabbatarwa, wato ɗora mana hannu bayan baftisma, tun asuba mata ke share harabar majami'ar Bartalamawus, an gyara yaɓen bango, an yi mana aski ƙwal, muka sa fararen kaya masu ƙamshin bula. Da kakata ta hango doguwar hula da sanda, sai ta zube tana "ranka ya daɗe". Yana wa'azi da Turanci, katekis na fassarawa, har aka zo kan sinod. Malam ya yi shiru, ya gyara tabarau, ya ce, "Taron da manya ke zama su yi gardama kan kuɗin baiko." Dattawa suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Bai yi ƙarya ba, bishop da limamai da wakilan jama'a ne ke zama a can.

Babana yakan ce suna linzami ne, kowa da nasa ake jansa. Saboda haka kada ka rage wa mutum nasa. Benarabul na acidikin ne, mai duba farish da yawa a ƙarƙashin bishop, kamar hakimi a gaban sarki. Kanon kujera aka ba shi a katidiral, babbar majami'ar bishop. 'Yan'uwanmu na ECWA ba ruwansu da wannan, DCC da LCC, majalisun cocinsu na gunduma da na ƙaramin yanki, suka sani.

Abin da ke damuna, yanzu kuna jera laƙabi layi biyu a takarda, amma ba wanda zai taka ya je gaisuwa. Baƙon naku wane ne ma? Ka je gidansa da yamma, ka durƙusa, ka tambayi mai ɗakinsa yadda ake rubuta shi.