Me ya sa ruwan wankin ƙodar Baba ya ragu?

Ɗan'uwa daga Agege, ka ce Baba ya shekara 4 ana masa wankin ƙoda ta ciki, wato a zuba ruwan wanki a cikinsa ta bututu, daga baya a fitar da shi cikin jaka, yanzu lita 2 ake zubawa, kusan ita kaɗai ke dawowa ba tare da ƙarin ruwan jiki ba, ƙafafu sun kumbura. Allah Ya ba shi lafiya.

Tantanin da ya lulluɓe hanji shi ne matatar. Sukarin da ke cikin ruwan wankin, kashi 1.5 zuwa 4.25 cikin 100, shi ke janyo ruwa daga jini. Amma wannan sukarin kullum gasa tantanin yake, kuma duk ranar da ƙwayoyin cuta suka shiga, kumburi ya ƙaru. Jiki sai ya saki sinadarin VEGF, ƙananan hanyoyin jini su yi ta tsirowa, tantanin ya yi kauri. Da hanyoyin jinin suka yi yawa, sukarin na zurarewa cikin jini da wuri, abin da zai ja ruwa ya ƙare. Wani lokaci ma jiki ya sha wanda aka zuba.

Ka nemi likitan ƙoda ya yi gwajin PET, mai auna yadda tantanin ke tacewa, awa 4 ne, ya kuma duba ko bututun ya goce. Yana iya rage lokacin zaman ruwa a ciki, ko ya ba da icodextrin, wani ruwan wanki da jiki ba ya saurin shanyewa, da dare. Kada ku ƙara ƙarfin sukari da kanku. A rage gishiri da Maggi, kilishin Agege ma sai haƙuri.

Ka riƙa ɗaga jakar ga haske. In ruwan ya gurɓace kamar ruwan wanke shinkafa, ku tafi asibiti ranar, ko da cunkoso.