Amsar Goggo a kan tsallake yaro da jijiyar gajere

Ɗiyata, saƙonki ya same ni lafiya. Da farko dariya na yi, daga baya kuma abin ya tsaya mini a rai. Kin ce uwar mijinki ta dage wai tsallake maigidan nawa aka yi yana kwance, shi ya sa bai kamo sa'o'insa a tsawo ba. Ke kuma kin gani a waya cewa jijiyoyin jinin gajere ƙanana ne, ciwon zuciya ya fi kama shi, kina son in gaya miki ko tsallaken gaskiya ne. Haba ɗiyata, yaro ɗan shekara uku har kin fara yi masa lissafin ciwon tsufa?

Mu ma da wannan hani muka tashi a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. In kika tsallake yaro sai an sa kin dawo kin sake tsallako shi, wai ki warware. Na taɓa tambayar kakarmu dalili, ta ce, "Wanda ya saba tsallake mutum a kwance, wata rana taka shi zai yi." Ba ta ƙara ko kalma ba.

Amma zancen tsawo da jini a wurinta na fara jin sa, tun ban shiga aikin asibiti ba. Muna da maƙwabci dogari, zabgegen mutum, sai ya sunkuya yake shiga zaurenmu. Wata Sallah, tun daga filin idi yake tsaye cikin ja da korensa, ya raka hawa, ya zo ya kafe a ƙofar fada rana na dukansa, ga kakaki, ga algaita, ga ƙurar dawakai. Mu 'yan mata shi muke nunawa da yatsa, muna cewa ɗan gidanmu ne. Bayan la'asar ya shigo yi wa kaka barka da Sallah. Da ya zauna a tabarma ya naɗe wandonsa, sai na ga abin da riga ke ɓoyewa: jijiyoyin ƙwaurinsa sun taso sun murɗe, idon sawunsa ya kumbura har takalmi ya bar masa zane. Kaka ba ta ma amsa gaisuwar ba. Ta sa na gangaro da turmi na kwantar, ta ce ya miƙe rigingine ya ɗora dugadugansa a kai. Kunya ta kama shi, babban mutum a gaban yara, ta daka masa tsawa. Tana dama masa fura tana cewa, "Jinin dogo daga rijiya mai zurfi ake jawo shi. In mai guga ya gaji, sai ka rage masa zurfin." Kafin magariba ƙafar ta saɓe.

Da na fara aikin jinya na tarar maganarta na nan a cikin karatu. Jijiyoyin da ke maido da jini daga ƙafa zuwa zuciya hawa suke yi da shi, kuma akwai wasu 'yan marufai a cikinsu da ke hana shi komawa ƙasa. Gwargwadon tsawon mutum, gwargwadon nauyin da ke kansu. Shi ya sa kumburin jijiyar ƙafa da daskarewar jini a cikinta suka fi samun dogaye, haka ma wani irin rikicewar bugun zuciya.

Abin da kika karanta kuwa ba ƙarya ba ne, rabi dai aka ba ki. Jijiyoyin da ke fitar da jini daga zuciya girman jiki suke bi. Babbar cikinsu faɗinta santimita 2 zuwa 3 ne a baligi, waɗanda ke ciyar da zuciyar kanta kuwa milimita 3 zuwa 4 ne kacal, to ki duba yadda kitse kaɗan zai matse su in sun fi haka ƙanƙanta. A 2015 masana a Ingila sun duba kusan mutum 200,000, suka ga duk ragin tsawo na santimita 6.5 da aka gada yana tafe da ƙarin haɗarin toshewar jijiyar zuciya na kashi 13.5 cikin ɗari. Wannan lissafin taron jama'a ne, ba hukuncin ɗanki ba. Na sha karɓar dogaye da shanyewar ɓarin jiki, tansiyonsu, wato awon hawan jininsu, ya wuce 14/9 shekara da shekaru ba su taɓa awo ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, kuna tsoron abin da ba ku da iko a kai, kun bar wanda ke hannunku. Ki leƙa fadojin samari daga Zango har bakin kasuwar Dole: zama tun hantsi, shayi sukari ya fi ganye yawa, taba a baki, shagon bakin layi ma sai da moto. Ku kuma a madafa, dunƙule a kan gishiri. Iyayenmu da ƙafa suke zuwa gona, miyarsu daddawa ce.

A kan yaron, tambayar da nake so ki yi ita ce me yake ci. Mahaifinsa ba dogo ba ne, kakansa ma haka, gado ba ya ɓuya. Amma akwai gajartar da ba gado ba, ta yunwa da yawan zawo, wadda ke kama yaro tun daga ciki zuwa shekara biyu, kuma jihar nan tamu tana fama da ita ƙwarai. Na ga yaran yunwar 1984 da idona, da yawansu ba su kai tsawon iyayensu ba. In akwai al'adar da zan ce ki yar, to ta hana yaro ƙwai ce wai kada ya yi sata. Ki ba shi ƙwai, wake, nono, zogale, da hanta in an samu.

Ki kai shi awo wannan makon, a duba tsawonsa da nauyinsa a kan katinsa, ki ɗauki hoton ki aiko mini. Kada ki yi musu da uwar mijinki, ki ce mata za a kiyaye, kuma a kiyaye ɗin, kowa ya zagaye yaro in yana kwance. Ranar da za ki je ki ja mijinki, shi ma a auna tansiyonsa, don na ga yadda wuyansa ya cika. Ki gaishe su duka.