Amsar tambayarka kan mitar gidan Alhaji

Wa alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka. Ka ce tun da kuka ɗora wa Alhaji sola a gidansa na ƙauye can gefen Ringim kuka haɗa da sabon esin nan mai sanyi da zafi, yunit ɗin mitar KEDCO, kamfanin raba wutar lantarki, sai tafiya yake ko da tsakar rana da inbata ke nuna batir ya cika, kuma kana tambaya ko ka ƙara wata mita, a ina za ka sa ta.

Toh ka bar zancen sabuwar mita tukunna, fara da zoben CT ɗin inbata, wato zoben da ake maƙalawa a waya ya gaya wa inbata yawan wutar da ke bi da inda ta nufa, domin nan nake zargi. Inbatar da kuka sa irin mai haɗuwa da layin NEPA ce, idan batir ya cika kuma gidan ba ya jan wuta sosai rarar da fanel ke bayarwa layi take komawa, kuma da yawa cikin mitocin kati ba ruwansu da ina wuta ta nufa, kamar mai gadin da aka ce ya ƙirga duk wanda ya bi ta ƙofa, mai shiga da mai fita duk ɗaya ne a wajensa. Kaga kenan Alhaji na ba da wutarsa kyauta kuma ana cire masa yunit a kai. Wata mitar ma tana iya ɗaukar abin a matsayin an taɓa ta, ta yanke.

Zoben nan wurinsa ɗaya ne, kan wayar layif da ta fito daga mitar KEDCO kafin ta rabu zuwa ko wane bireka. Layif kaɗai fa, in ka haɗa da nutural a cikin zobe ɗaya sifili zai karanta. Ka fara ɗaure siraran wayoyinsa a jikin inbata kafin ka maƙala shi, kar ka bar bakinsu a sake wuta na bi ta ciki. Akwai ƴar kibiya a jikinsa, wasu kamfanonin suna so ta kalli layi wasu ta kalli gida, don haka duba littafin inbatar kar ka yi da ka. Ni yadda nake gwadawa, in an kawo wuta sai in kashe fanel, in mayar da gidan kan layi, in jona dutsen guga, allon inbata ya kamata ya nuna ana jan kusan wat 1,000 daga layi, in ka ga ya nuna wutar fita take to zoben a juye yake. Bayan nan ka shiga saitin ka hana ta tura wuta waje kwata-kwata.

Mitar KEDCO kuwa dan Allah ko hatiminta kar ka taɓa, ba taka ba ce ba ta Alhaji ba ce, laifi ne mai tara, kuma sunan shagonmu ne zai ɓaci.

Yanzu esin. Eh a sa masa tasa ƴar mita, irin ƙaramar nan da ke zama a layin bireka cikin akwati, bayan birekansa shi kaɗai, kar fanka ko firji su bi ta ciki. Na'urar esin nan ba ƙirƙirar zafi take ba, kwasarsa take daga wani waje ta kai wani, da bazara ta fitar da na ɗaki waje, da hunturu ta juya ta shigo da shi, shi ya sa yunit 1 ke iya ba ka ɗumin da hita sai ta ci kusan 3. A Turai ɗumama gida ne babban aikinta, mu nan sai ƴan makonnin Disamba da Janairu, cin wutarta na gaske yana Maris zuwa Mayu ne. Yi lissafi ka gani, esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan wajen wat 1,100 in ya buɗe wuta, in ɗaki ya yi sanyi ya sauko, mu ce matsakaici 700, awa 8 na dare yunit 5.6 kenan, batirin litiyom na 48V 100Ah kuma kusan yunit 5 yake ɗauka gaba ɗayansa. Kafin asuba batir ya ƙare inbata ta koma kan NEPA shiru ba wanda ya sani, Alhaji ya tashi ya ga kati ya ragu ya ce sola ba ta aiki. Wannan ƴar mitar ce za ta raba gardama, ba bakinka ba.

Ka manna kwali a murfin akwatin, a riƙa rubuta lambar mitar esi da ta KEDCO safe da magariba har sati ya zagayo, in yaron gidan ya iya karatu ka nuna masa ya riƙa yi. Ka sa a wanke fanel kafin a fara, ƙurar nan tana rage ƙarfi sosai sai lissafin ya ruɗe.

Gobe in Allah ya kai mu ka ɗauko mini hoton inda zoben yake da na allon inbata lokacin da gugar ke jone, sai mu ga ko ƙarin batir ake buƙata ko juya zobe kawai.